Ganyen Ɓaure da Hannuwan Ƙanwata

A shekarun da wannan abu ya faru, ni malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar 'yan mata a Omdurman, kuma in zan faɗi gaskiya, na fi jin daɗin a kira ni Ustaza fiye da a kira ni da sunan yanka. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya je ya sauke farali, a hanyar dawowa ƙafarsa ta tsaya a bakin Nilu. A gidan da ya gina muka taso, Hausa a tsakar gida, Larabci da zarar mun taka bakin ƙofa. Ni ce mace ta farko a gidan da ta shiga jami'a, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Ina da tabarau, ina da kabad cike da littattafai, ina kuma da wata murya ta musamman da nake bayani da ita. Ƙanwata takan ce ko gishiri na nema a miƙo mini da wannan muryar, sai mutum ya ji kamar gobe jarrabawa.

Bayan aikin makaranta, abin da na fi so shi ne haɗa kayan gyaran fata daga ganye. Na fara ne da darbejiya, ina dafa ganyenta in tace, 'yan mata masu ƙuraje su riƙa wanke fuska da ruwan. Daga nan na koma garin magarya, na koma ganyen gwaba, na koma zogale da man riɗi. Abokan aikina suka riƙa zuwa da kwalabensu, wasu har daga unguwar Alsahafa ta Khartum ake aiko su. Ba na sayarwa, ladana shi ne a ce haɗin Ustaza ne. A lokacin kuwa mata da yawa sun lalata fuskokinsu da mayukan kanti masu fitar da fata, don haka duk inda na zauna sai na yi wa'azi a kansu, in rufe da cewa abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutar da ɗan Adam. Na faɗi wannan magana har ta zama kamar sallama a bakina. Abin dariyar shi ne, ni ɗin nan ce ke tsayawa gaban allo kowace shekara ina gargaɗin ɗalibai kada su bari nonon tumfafiya ya shiga idonsu. Ban taɓa zaunar da maganganun nan biyu a benci ɗaya don su ga juna ba.

Ƙanwata da ke bi mini mai lalle ce, abin da a nan ake ce wa hannana. Ba ta yi nisa a boko ba, amma tun tana ƙarama in ta riƙe tsinke a ƙasa sai ka ga fure ya fito. Mijinta ya rasu ya bar mata yara, ta dawo gida wurin Inna, mahaifiyarmu, kuma da zanen lalle take ciyar da su. Wanda bai san bikin Sudan ba ba zai gane girman wannan sana'a ba. Amarya ba ta fita sai an zane ta daga yatsu zuwa gwiwar hannu, daga tafin ƙafa zuwa ƙwauri, kuma kowace matar aure da za ta je bikin tana son nata. Mai lalle takan riƙe hannun mace na tsawon wuni, fuskarsu kusa da juna, idon wadda ake yi wa zane ba shi da abin kallo sai yatsun mai zanen. Hannun hannana shi ne kayan aikinta, shi ne kuma allon tallarta.

Wata rana wani ɗan farin tabo ya fito mata a bayan hannun dama, kusa da babban yatsa. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. A hankali ya samu ɗan'uwa a hannun hagu. Larabawa na ce wa abin bahag, ciwo ne da launin fata ke janyewa daga wani wuri, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba shi da dangantaka da kuturta ko ta nesa. Ni na san haka, ita ma na sanar da ita, amma uwar amarya ba ta zauna a ajina ba. Ƙanwata ta dawo wata rana ta ce wata hajiya ta kalli hannunta, ta janye na 'yarta a hankali, ta ce sun tuna ashe akwai wata 'yar'uwarsu da ta yi alkawarin yin zanen. Ta ba mu labarin tana dariya, tana kwaikwayon yadda hajiyar ta tattare tob ɗinta, wato lulluɓin matan Sudan, kamar mai tsallake kwata, amma da ta gama dariyar sai ta zauna tana kallon hannun. Ta je wurin likita, ya ba ta wani mai, ya ce abin na son haƙuri, watanni ne ba kwanaki ba. Ga shi kuma bukukuwan bayan sallar layya sun ƙarato, lokacin da masu lalle ke tara abincin shekara.

A tsakar gidanmu akwai wani ɓaure da kakanmu ya dasa, irin wanda Larabawa ke kira tin, mai faɗin ganye da farin nono. Na taɓa karantawa cewa a ganyensa akwai wani sinadari da ke farkar da launin fata idan ya haɗu da hasken rana, kuma likitoci kansu na amfani da danginsa wajen maganin bahag. Wannan gaskiya ne, har yau ban ƙaryata littafin ba. Abin da ban tsaya na karanta da kyau ba shi ne sauran shafin, inda aka ce su likitocin auna maganin suke yi, su auna hasken, su tsaya a kan mutum suna kallo. Na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi, na rufe littafi. Na gaya wa ƙanwata cewa maganinta na nan a tsakar gida yana yi mana inuwa tun muna yara. Ta ce in dai Ustaza ta faɗa, ita wace ce, kuma ko bai yi ba ai ganye ne, iyakarsa ya sa ta warin awaki.

Na tsinko ganyen da safe, masu nono sosai, na yanka, na dafa, na bar ruwan ya yi ta ƙonewa har ya yi kauri ya koma kore mai duhu. Ina alfahari da kaurin nan, domin a tunanina ƙarfin magani shi ne kyansa. Na tace da takardar tacewa da na aro daga ɗakin gwaji na makaranta, don kada a ce aikin gargajiya na yi. Kuma na gwada a jikina, wannan ita ce hujjar da na daɗe ina kare kaina da ita. Na shafa a cikin damtsena da yamma, na kwana, na tashi ban ga komai ba. Sai dai damtsen malamar makaranta ba ya ganin rana. Daga gida yana cikin dogon hannu da tob, a raksha, keken haya mai ƙafa uku, yana ƙarƙashin rumfa, a aji yana ƙarƙashin fanka. Na gwada maganin da rana ke tayarwa a wurin da rana ba ta taɓa leƙawa ba, na kuma ba shi maki cikakke.

Da na miƙa mata kwalbar, bayanina gajere ne, abin da ba halina ba. Na ce ta shafa a wurin, ta ɗan sha rana. Ban faɗi yawan da za ta shafa ba, ban faɗi tsawon zaman ranar ba, domin ni ma ban sani ba, kuma muryar nan tawa ba ta iya furta ban sani ba. Ita kuwa mai lalle ce, duk abin da aka ce a sa a hannu don ya ba da launi, hanya ɗaya ta sani. Ta kwaɓa ruwan da ɗan gari ya yi kauri, ta lafta a bayan hannayen duka biyu har wuyan hannu, don a cewarta launin ya tashi bai ɗaya, ba dabbare-dabbare ba. Ta naɗe da leda ta ɗaure, yadda ake yi don lalle ya kama. Bayan magariba na shigo na same ta zaune a kan angareb, gadon nan na igiya, hannuwa a sama kamar wadda aka ce ta miƙa wuya, babbar 'yarta na ba ta shayi a baki. Ta tambaye ni ko ta yi daidai. Na duba ɗaurin, na gyara tabarau, na ce ai hakan ma ya fi, zai fi ratsa fata.

Da safe ta kwance, ta kankare busasshen ƙullin, ba ta sa sabulu ba, domin mai lalle ba ta wanke hannu da sabulu a ranar da ta cire lalle, kada launi ya gudu. Ranar tana da amarya a Kalakla, wasu mutanen kirki da suka san ta tun da daɗewa, ba su damu da tabon ba. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi: a tsallaka gada zuwa Khartum, a sauka a tsaya jiran wata motar a filin da ko inuwar sanda babu, sannan a miƙe kudu. Daga baya ta gaya mini da gangan ta nemi kujerar taga, ta ɗora hannuwan a bakin tagar tun daga tasha har Kalakla, tana jin daɗi ta samu ranar kyauta ba tare da ta ɓata lokacin aiki ba. Har wata tsohuwa a motar ta tambaye ta ko addu'a take yi. A gidan bikin ma a tsakar gida aka shimfiɗa musu tabarma, inuwa ta yi ta matsawa tana barin su. Ta dawo da yamma tana cewa hannun na ɗan zafi, kamar ta yanka barkono.

Washegari hannuwan suka yi ja suka kumbura. A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farkon muni, domin na farkon jahilci ne, wannan kuwa girman kai ne. Inna ta ce a tafi asibiti. Na ce a'a, alama ce magani na aiki, launi ne ke farkawa, a sa ruwan tulu mai sanyi kawai. Inna ta dube ni ta ce ita dai ba ta yi boko ba, amma ta taɓa ganin ƙuna, kuma wannan kamar ƙuna yake. Na yi mata bayani da kalmomi masu tsawo har ta ƙyale ni. Kafin wata safiyar, bororo sun taso a bayan hannayen kamar an zuba mata tafasasshen mai, wasu sun haɗe sun zama jaka guda cike da ruwa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Iyakar inda ƙullin ya taɓa, iyakar inda wutar ta ci, har layin ɗaurin leda ya fito a wuyan hannu kamar an ja da abin awo. Ƙanwata, wadda ta haihu ba a ji muryarta ba, tana cije gefen mayafi tana hawaye. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai yaushe kumburin zai saɓe, don akwai amare da ke jiranta.

A asibiti likitar fata, wata mace mai ƙarancin magana, ta duba ta tambayi abin da aka zuba mata. Ƙanwata ta ce ganye ne ta haɗa da kanta, ta ji labarinsa a gidan biki. Ina tsaye a bayanta riƙe da jakarta, na ji ta ɗauke laifin ta aza a kanta kamar tulu, don kada a kunyata yayarta gaban baƙuwa. Na so in bar shi a haka, Allah ya sani na so. Amma likitar ta ce tana bukatar sanin ganyen da yadda aka haɗa shi, sai na buɗe baki na faɗi komai, har da sunan sinadarin, da lafazinsa daidai. Ta ɗago ta tambayi aikina. Na faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na samu sauƙi. Ta ce kawai sun saba ganin irin wannan ƙuna, daga ɓaure, wani lokaci daga lemun tsami, kuma ledar da tsawon kwanan da ranar su suka mai da shi haka. Sannan ta ƙara da cewa bahag yakan bi inda fata ta ji rauni, don haka mu shirya.

Haka kuwa aka yi. Bukukuwan suka zo suka wuce tana zaune da hannuwa a naɗe, ana ba ta abinci a baki, ana yi mata alwala, 'yarta na tsefe mata kai. Mata na zuwa dubiya, kowace da bayaninta. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce wata mai lallen ce ta yi mata aike don ta ƙwace amarenta, har aka fara ambaton wata baiwar Allah a unguwar da ba ta san hawa ba. Dole na riƙa tare kowace mai dubiya ina cewa ba kowa ba ne, ni ce, haɗina ne. Na maimaita wannan darasi fiye da duk wani da na taɓa koyarwa, kuma shi kaɗai ne ba wanda ya yi hamma a cikinsa. Da aka kwance naɗin, inda fata mai lafiya take ya yi baƙi ƙirin, fararen tabon nan biyu kuma suka bazu suka bi sawun ƙunar har kan yatsu. Abin da dā za a iya rufewa da zobe ko ɗigon lalle, yanzu daga ƙofar gida ake hango shi. A gindin babban yatsan dama kuma, inda take matse ƙunshin lalle, fatar ta warke a tamke, in ta daɗe tana zane sai yatsan ya ɗauki rawa.

Baƙin ya dushe a hankali cikin watanni masu yawa. Farin bai tafi ba. Ta koma aiki, amma ba irin na dā ba. Amare suka ragu suka koma tsofaffin da suka san ta, da masu son lallen ƙafa, inda ba a cika lura da ƙananan layuka ba. Ta fara sayar da turaren wuta don ta cike giɓin. Na ɗauki nauyin karatun yaranta, kuma ba na faɗin haka don a yaba mini, domin abin da na karɓe mata ba abinci kaɗai ba ne. Mace ce da a dā in ta shiga gidan biki ake guɗa ana cewa ga ta nan ta iso. Inna ta sa a kira mai gatari ya sare ɓauren, ƙanwata ta hana. Ta ce itacen bai taka ya je ɗakin kowa ba, yana tsaye inda Kaka ya bar shi, kuma yara na son 'ya'yansa.

Da wata sallah ta zagayo, ta ce in zo ta yi mini lalle. Na ce ina da takardun jarrabawa da zan duba. Ta ce Ustaza ta ajiye jan biro ta zauna, yau ita ce mai aji. Na zauna a tabarma na miƙa hannu, ta riƙe shi a cikin nata. Wuni guda ba ni da abin kallo sai waɗannan yatsu, fari da baƙi, da tamkakken wurin nan da ke rawa in ta zo lanƙwasa. Tana zane tana ba ni labarin unguwa, wa ya yi aure, wa ya yi yaji, kamar ba komai. A wajen wuyan hannu wani reshe ya karkace mata, ta tsaya ta dube shi, ta ce in wani ya tambaya in ce sabon yayi ne daga Khartum. Na yi ƙoƙarin neman gafara, na yi ta kame-kame, ni da ban taɓa rasa kalma ba. Ta ce in daina motsi, ina ɓata mata aiki, kuma ta yafe tun a asibiti, amma kada in sake ce wa kowa ganye ba ya cuta. Na shiga aji da wannan karkataccen reshe har ya goge da kansa, kullum in na ɗaga alli sai na gan shi.

Yanzu yaƙi ya raba mu da gidan, ban san ko ɓauren na tsaye ba. Muna zaune a wani gari tare, ni da ita da yaran, kuma duk safiya ina ganin hannuwan nan suna zuba shayi. Ban rubuto don in ce a guji ganye ba. Har yau ina wanke fuska da magarya, kuma mayukan da nake zagi a dā ban fasa zaginsu ba. Abin da na koya shi ne ganye magani ne na gaske, shi ya sa yake iya yin ɓarna ta gaske, kuma wanda ya ce maka abu ba ya cutarwa don daga ƙasa ya fito, bai gama karatunsa ba, ko da tabarau a idonsa. 'Yan'uwana mata, musamman masu haɗa wa mutane na shafawa don a ce sun iya: kada ku ɗora wa fatar wani abin da ba ku san ma'auninsa ba. Ganyen ɓaure da ruwan lemun tsami kada su kwana a fata a fita da su rana. In kun gwada a jikinku, ku tuna rayuwar wadda za ku ba ba irin taku ba ce, ku tambaye ta yadda za ta sa, da inda za ta wuni. In wuri ya yi ja yana zafi, a wanke da sabulu, a rufe daga rana, a tafi asibiti, kada a tsaya sauraron mai dogon bayani. In kuma aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ni na ƙi faɗin haka sau ɗaya don kada girmana ya ragu, kuma ƙanwata ce ke yawo da sakamakon a bayan hannunta.